Farin Fenti a Kan Ƙarfen Masta Sidiki

Baƙon da ya shiga bayan gidan Masta Sidiki a unguwar Sabonjida ta Tamale, lambobi ne za su fara tsole masa ido. Ƙarfen motsa jiki a ko'ina biyar-biyar yake tafiya, goma, sha biyar, ashirin. A nan kuwa sai ka ga an rubuta sha bakwai da rabi a jikin wani faifai, wani ashirin da uku, wani gwangwani takwas da kwata. In ka ƙura ido za ka hango wata tsohuwar lamba tana leƙe a ƙarƙashin baƙin fenti. Ka tambayi Masta, zai ce maka sikeli ne ya faɗa, ya juya ya ci gaba da abin da yake yi. Shi ba ya son zancen, amma bakin unguwa ba shi da marfi, don haka ga yadda aka yi.

Sidiki mai walda ne. Da rana a ƙofar gida za ka same shi yana haɗa ƙyauren shago ko gadon ƙarfe, ko yana gyara bodin motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku da ake dakon kaya da shi. Da an sallame la'asar sai ya rataye tabaran walda a ƙusa, ya zagaya ƙarƙashin dalbejiyar bayan gida, inda ya tara abin da shi yake kira jim, matarsa Ashetu kuma take kira bola. Kuma Ashetu ba ta yi sharri ba. Faya-fayan ƙarfe ne da ya ciro daga injin matattun motoci, da siminti da ya zuba a gwangwanayen fenti ya soka musu bututun ruwa a tsakiya, da benci da ya lulluɓe da fatar kujerar bas, da madubin wani tsohon kabad wanda ya tsage daga sama har ƙasa, ta yadda kowa ke ganin kansa da ƙirji biyu. Babu abin da ya fito daga kanti a wurin in ban da kwalin alli.

Kakansa daga ƙasar Zabarmawa ya zo da tumaki, ya ga Tamale ta yi masa, ya ajiye sanda. Ubansa maƙeri ne na fartanya da lauje. Sidiki a gindin zugazugi ya tashi, siriri har ana kiransa Sillen Kara, kuma sunan ya fi ƙuna yi masa ciwo. Yana ɗan shekara sha tara ya tsinci wani faifan injin a juji, ya ɓoye shi a bayan maƙera, yana ɗagawa kullum kafin ubansa ya fito. Shekara uku bayan haka babu mai sake kiransa da wancan suna, ko a bayan idonsa. Yanzu ya haura hamsin, gemu ya yi fari, amma in ya riƙe hannunka a gaisuwa sai ka duba yatsunka bayan ya saki.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne faɗar gaskiya, ka ji abin dariya. In saurayi ya zo da kwalbar garin nan na ƙasar waje da ake kaɗawa a sha don tsoka ta kumbura, Masta zai juya kwalbar ya shinshina, ya ce, "Wannan garin, wa ya ga gonarsa?" Sai ya tura shi wurin mai tubani, alalar waken nan da Dagomba ke naɗewa a ganye. Darasinsa na abinci bai taɓa canzawa ba: tubani ko wake da safe, gyaɗa a aljihu, wagashi, cukun nan, in Fulani sun kawo, ruwa kamar raƙumi, sannan ƙwai biyu. "Biyu na ce, ba goma ba. Akwai yara a gidanku, su ma suna da baki." Yakan ce barci ma abinci ne. In mutum ya sunkuya zai ɗaga ƙarfe daga ƙasa, Masta na tsaye a kansa da sandar dalbejiya, da baya ya lanƙwashe zai ji ta. Dokarsa ta ƙarshe kuwa har yaran layi sun haddace ta: "In ƙarfe ya ƙi, sake shi. Ƙarfe ba ya jin kunya, kai ma kada ka ji."

Da fari duk abin da ya ƙera sai ya tura shi a amalanke zuwa rumfar Hajiya Salimatu, mai sayen ƙwarar kaɗanya, wadda ke da sikelin da ba ya son kai. Ita ta karanta, shi ya rubuta da farin fenti. Haka aka yi shekaru, har ranar da Tica Andani ya zo.

Tica Andani malamin firamare ne wanda zazzaɓin taifot ya kwantar wata biyu, ya tashi wando na zame masa. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Ya zo wurin Masta, aka ba shi gwangwani mai kilo takwas. Mako shida yana fama da takwas ɗin nan, in ya taɓa mai goma sai hannu ya hau rawa. Wata ranar Talata ya zauna a benci ya ce, "Masta, na gode da ɗawainiya. Jikin nan ya riga ya tafi. Gobe zan zo in yi sallama da jama'a." Ya faɗa a sanyaye, irin faɗar mutumin da ba jim kaɗai yake shirin bari ba.

Washegari Sidiki yana shafa wa wani ƙyaure fenti, ragowar fari ta rage a burushi. Shi kansa har yau bai san ko tunani ya yi ko hannu ne ya riga shi ba. Ya zagaya baya, ya kankare takwas ɗin, ya rubuta goma. Da yamma ya miƙa wa Tica ya ce ya gwada na bankwana. Tica ya ɗaga sau takwas ba hutawa, ya dubi lambar, ya sake ɗagawa, sai ya yi wata irin kururuwa har akuyar Ashetu ta tsinke igiya. Bai yi sallamar ba. Wata biyu bayan nan yana ɗaga sha biyu ta gaskiya, ya koma aji da murya.

To ka ga inda Shaiɗan ya samu ƙofa, ta wajen alheri ya shigo. Sidiki ya ce wa kansa wannan ai magani ne. Duk wanda ya ga gwiwarsa ta fara sanyi sai ya ƙara masa biyu. Daga biyu aka koma uku, manyan faya-fayai kuma biyar-biyar. Amalanke ta daina zuwa rumfar Hajiya Salimatu. Ranar da suka haɗu a wurin suna ta ce, "Masta, ka sayi sikeli ne ba ka faɗa mana ba?" Ya ce, "Hajiya, hannuna ya zama sikeli." Aka yi dariya, har da shi.

Suna ya tafi. Aka riƙa cewa ƙarfen Sidiki yana da albarka, wanda ya kasa hamsin a wani wuri in ya zo Sabonjida sittin yake ɗagawa. Ma'aikata daga unguwar Jisonayili suka riƙa zuwa a haɗa musu na ajiyewa a gida, faifai huɗu da sanda da benci. Wasu har suna raɗa cewa akwai abin da yake tofawa a siminti kafin ya bushe. Bai taɓa cewa e ba, bai kuma taɓa cewa a'a ba, kuma gaskiya zancen yana yi masa daɗi. Mutum ɗaya ce ba ta ruɗu ba, ita ce mai sharar wurin kullum da safe. Wata rana Ashetu ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Baban Mubarika, wannan gwangwanin jiya sha biyar na gani, yau ashirin. Tuwo ya ci ne?" Ya ce ta bar abin da ba ta sani ba. Ta ce to, ta ci gaba da shara, amma daga ranar in za ta matsar da gwangwanin sai ta ce masa sannu da ƙiba.

A cikin masu zuwa babu wanda Sidiki yake so kamar Abdul-Manan. Badagombe ne daga Nyohini, magidanci mai 'ya'ya uku, ya kusa arba'in, direban motokin. Shi ke loda kayansa da kansa, doya, buhunan masara, siminti, don ya ce bai ga dalilin da zai tsaya yana kallo wani yana yi masa aiki ba. Shekarar da Ashetu ta yanke jiki ta faɗi ana tsuga ruwan sama, shi ya kwashe ta a bayan motokin ya kai asibiti, ya cire rigarsa ya rufa mata. Tun daga ranar Sidiki yake kiransa ƙanena, shi kuma bai taɓa zama a gaban Masta ba sai an ce ya zauna.

Manan bai damu da madubi ba. Abin da yake so shi ne a jera faya-fayai a sanda a ƙasa, ya sunkuya ya kama, ya miƙe da ita tsaye. A nan ya yi ta hawa, ɗari da hamsin, ɗari da tamanin, har wata yamma aka tara lambobin da ke jikin sandar suka ba da ɗari biyu cif. Jama'a suka ɗauke shi sama. Sidiki da hannunsa ya rubuta ƊARI BIYU a bayan motokin da manyan baƙaƙe, sunan kuma ya bi shi har tashar doya. Yana rubutawa yana lissafi a zuci, domin kowace ƙarya da ya shafa ya san girmanta. Abin da ke kan sandar nan ko an yi masa alfarma ba zai wuce ɗari da saba'in ba.

Sai wani da ya dawo daga Turai ya buɗe sabon gidan motsa jiki a Jisonayili, ya sa gasar ɗaga ƙarfe ta buɗe wuri, ranar wata Asabar. Kafin Sidiki ya ji labari 'yan jim sun riga sun rubuta sunan Manan, sun yi magana da makaɗa, har Tica Andani ya kawo shawarar a buga riguna. Saura kwana tara.

Kwana tara ai ya isa mutum ya faɗi magana ɗaya. Sidiki ya gwada ta gefe. Ya ce, "Ƙanena, ƙarfen baƙi sai a hankali. Ka fara da ɗari da hamsin."

Manan ya yi dariya har da tafa hannu. "Masta, ɗari da hamsin ai shina ɗuma jiki ne kawai. Kai ka koya mini, yanzu kuma kana tsoro?"

Ranar Juma'a liman ya yi huɗuba a kan masu tauye mudu, kamar an aike shi. Sidiki ya zauna a sahu yana gardama da limamin a zuciyarsa: ni ba hatsi nake aunawa ba, ban ci haƙƙin kowa ba, ƙarfin zuciya na ba su. Gardamar ba ta hana gumi jiƙa masa riga ba. Da ya dawo gida ya kasa cin abinci, Ashetu ta janye kwanon ta ce, "Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ka tashi ka je Nyohini tun rana ba ta faɗi ba."

Ya je. Allah shaida ne ya je, da maganar a bakinsa. Ya tarar da Mashudatu, matar Manan, tana fige zabo a tsakar gida, ƙwai na tafasa a tukunya, yara uku na zagaya motokin suna waƙar ɗari biyu. Tsohuwar Manan ta taso da kanta ta shimfiɗa masa tabarma, ta ce a ba malamin ɗanta cinya. Manan ya tsuguna gefe yana yi masa fifita. Sidiki ya buɗe baki, ya dubi yaran, ya sa nama. Ya ce wa kansa gobe da safe zai faɗa, a hanya, su biyu. Da safe aka cika motokin uku da mutane, ba a samu su biyu ba.

Wurin na Jisonayili madubi ne bango guda, fanka na juyawa a sama, ƙasa shimfiɗe da roba. Sidiki bai kalli ko ɗaya ba. Faya-fayan ya je ya duba, ya shafa da yatsa. Lambobinsu ba fenti ba ne, a jikin ƙarfen aka zuba su tun daga masana'anta.

Aka ba kowa dama ya ɗuma jiki. Manan ya ce a sa masa ɗari da arba'in, yana wasa da makaɗa. Ya sunkuya ya ɗaga. Ta tashi, amma dariyar ta bar fuskarsa. Ya ajiye a hankali, ya tsaya yana duban faya-fayan, ya ƙirga su da ido. Sannan ya ɗago ya nemi Masta a cikin jama'a, ya same shi, ya zuba masa ido. Sidiki ya sunkuya yana gyara maɗaurin takalminsa, wanda babu abin da ya same shi.

Da aka zo kan Manan mai lasifika ya tambaya nawa za a sa. Kafin ya amsa 'yan Sabonjida sun ɗauka gaba ɗaya, "Ɗari biyu! Ɗari biyu!" Kalangu ya kama. Manan ya shafa alli a hannu ya daɗe yana shafawa, sannan ya ce, "Ku sa ɗari biyu."

Ya kama, ya ja. Sandar ta bar ƙasa, ta hau har gwiwa, ta tsaya. A nan duk wanda ya taɓa shiga bayan gidan Sidiki ya san abin da ake yi, in ƙarfe ya ƙi, sake shi. Sidiki ya faɗi kalmar nan ya fi sau dubu a rayuwarsa, ranar kuwa harshensa ya manne a ganɗa. Manan ya ƙi saki. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, bayansa ya fara lanƙwashewa yadda Masta ya hana, ya ci gaba da ja. Sai ya yi wani ɗan sauti, ba ihu ba, ƙarfen ya faɗi, shi ma ya bi shi ta gefe. Makaɗa ba su gane da wuri ba, sai da suka ƙara bugu uku ko huɗu.

A asibiti aka ce wani abu ya goce a tsakanin ƙasusuwan bayansa. Zai yi watanni a kwance, zai tashi in Allah ya so, amma buhu kam ya yi sallama da shi. Aka dawo da shi Nyohini. Unguwa kuma ta hau aikinta na neman dalili. Wasu suka ce baki ne, sunan ya yi yawa. Wasu suka ce mutanen Jisonayili sun ƙara wa ƙarfensu nauyi don su kunyata Sabonjida, kuma wannan zance ya fi karɓuwa a ƙarƙashin dalbejiya. Sidiki yana ji ana zagin mutanen da ba su ci ba ba su sha ba, yana goge ƙarfe da tsumma. Kullum yana zuwa dubiya da lemo a leda, ya zauna minti goma, ya yi zancen ruwan sama, ya tashi. Ya rame. In ya ɗauki burushi don aikin ƙyaure sai hannunsa ya yi nauyi.

Mako na uku, da hantsi, Mashudatu ta zo ƙofar shagonsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ƙi tashi. Ta ce, "Baba Masta, ina so ka faɗa mini gaskiya, kai ne ba ka ɓoye magana. Ka ce ƙwai biyu. Ni ranar nan shida na ba shi, da zabo, don ina so shi yi ƙarfi. Tsohuwa shina cewa ni na cika masa ciki har jikinsa ya yi nauyi. Tun ranar tsohuwa ba shina cin abincin hannuna." Ta share ido da bakin mayafi. "Ni na karya shi, Baba Masta?"

Ya ce, "Ba ke ba ce." Ta jira ya ƙara. Bai ƙara ba. Ta yi godiya ta tafi, yana kallon bayanta har ta sha kwana, kuma a tsawon rayuwarsa bai taɓa jin ƙyamar kansa kamar a wannan lokaci ba. Ya kashe injin walda, ya bar ƙyauren mutane rabi a haɗe, ya jawo amalanke.

Sawu biyar ya yi zuwa rumfar Hajiya Salimatu, rana na dukansa, Ashetu na biye da gwangwanayen fenti. Hajiya ta dubi lambar da ke jikin faifan farko, ta dubi allurar sikeli, ta dubi Sidiki. Mace ce mai baki, amma ranar ta ji tausayinsa, ta karanta kawai. Yana shafe tsohuwa da baƙi, yana rubuta sabuwa da fari, a gaban masu kawo kaɗanya da masu wucewa. Da aka zo kan faya-fayan Manan ya ce a ɗora su tare da sandar. Hajiya ta karanta, ya ce ta sake, ta sake.

Bai koma gida ba. Da gwangwanin baƙin fenti a hannu, yatsu duk fenti, ya wuce Nyohini. Motokin na ajiye a gindin katanga, kaji sun yi masauki a ƙarƙashinsa. Manan na kwance a tabarma a baranda, an tokare masa gwiwa da matashi.

"Antire," in ji Sidiki, gaisuwar rana ta Dagomba.

"Naa, Masta. Yau babu lemo?"

Sidiki bai hau kujerar da aka ajiye masa ba, a ƙasa ya zauna. Ya fara daga Tica Andani da gwangwanin takwas, ya bi ta kan komai, bai tsallake cinyar zabo ba, bai tsallake maɗaurin takalmi ba. Yana magana yana kallon siminti. Da ya gama ya jira zagi, har yana fatan a zage shi.

Manan ya dubi kwanon rufi. Sannan ya ce, "Masta, na sani. Tun da na taɓa ɗari da arba'in nasu na sani. Hannu ba shina ƙarya. Shi ya sa na dube ka."

"Ka sani? To don me ka ce ɗari biyu? Don me ba ka saki ba?"

"In na ce su sa ɗari da sittin, mutane za su tambaya ina sauran ya tafi. Kafin magariba duk Tamale za su ji ƙarfen Masta ƙarya ne. Kai da ka yi shekara talatin kana tara suna." Ya ɗan motsa, zafi ya kama shi, ya jira ya lafa. "Na ce bari in ja. Watakila Allah shi ba ni, sai maganarka ta zama gaskiya."

Sidiki ya zo da shirin a tsane shi, bai zo da shirin wannan ba. Ya kifa fuska a tafin hannu, fari da baƙi suka shafe masa gemu, ya yi kuka irin na manya, wanda ba shi da sauti sai girgizar kafaɗa. Da ya samu kansa ya ce a kira Mashudatu, a kira tsohuwa. Suka zo suka tsaya a bakin ƙofa. Ya maimaita musu komai da Hausa, ya sake da Dagbancinsa mai gargada don kada tsohuwa ta rasa ko kalma ɗaya. Ya ce ƙwai ba su karya kowa ba, shi ne. Tsohuwa ta juya ta dubi surukarta, ta daɗe, sannan ta shige ɗaki. Mashudatu ta bi bango ta zauna a ƙasa.

Ya miƙe zai tafi, Manan ya kira shi. "Masta, ka ce ka kai sikeli. Nawa ne na gaskiya? Wanda nake ɗagawa."

"Ɗari da sittin da shida."

Manan ya rufe ido yana maimaitawa a hankali, kamar yana ɗanɗana lambar. "Ɗari da sittin da shida. Buhun siminti uku da ƙari, daga ƙasa." Ya yi murmushi, kuma murmushin na gaske ne. "Kai, ashe ina da ƙarfi. Masta, da tun farko haka ka faɗa mini, ai da ya ishe ni."

Sidiki ya fito ya tsaya a bayan motokin. Rubutunsa na nan, manyan baƙaƙe, ko kwarzane babu, don fenti mai kyau ya sa. Ya buɗe gwangwanin baƙi, ya kori kaji, ya tsuguna.